Zanen ɗigo-ɗigo na Seurat: fasaha ce ko wahalar da kai?

Malam Habu:
Salamu alaikum 'yan gida. Yau ina son mu taɓa wani mai zane ɗan Faransa, Georges Seurat, wanda duk ɗalibin zane sai ya ci karo da shi ko yana so ko ba ya so. An haife shi a Paris ran 2 ga Disamba 1859, ya mutu ran 29 ga Maris 1891, shekara 31 kacal ya yi a duniya, amma a ɗan wannan tsakanin ya fito da wata hanyar zane da har gobe ana musu a kanta. Maimakon ya dama fenti ya shafa da burushi kamar kowa, sai ya riƙa ɗiga kala ƙanana ƙanana dab da juna, ja nan, shuɗi nan, ruwan lemo nan, wai in ka ja da baya idonka ne zai haɗa su da kansa. Babban aikinsa shi ne na ranar Lahadi a tsibirin Grande Jatte, wani ɗan tsibiri a cikin kogin Sen a gefen Paris inda mutanen gari ke zuwa shan iska. Tsayin zanen ya ɗan haura mita 2, faɗinsa ya ɗan haura mita 3, ya fara a 1884 ya gama a 1886. Ku nemo hoton a waya ku buɗe shi sosai har ku ga ɗigon, sannan ku dawo mu yi magana. Ni a wurina yana cikin manyan zanen duniya, amma na san a gidan nan akwai masu ja.

Sadik Fenta:
Wslm Malam. Na duba yanzun nan kuma gsky ni ban ga abin a zo a gani ba. Mutanen duk sun ƙame, ba mai motsi ba mai yi wa wani magana, wata mata ma biri ta ɗauro a igiya tana tsaye ƙiƙam. Shekara biyu fa a kan zane ɗaya! Mu da muke sana'ar fenti mun san abin da ake cewa aiki, in za ka iya samun kore ta hanyar dama shuɗi da rawaya cikin minti ɗaya meye na zama kana ɗige ɗige har bayanka ya ƙage. Kuma tambayata ta farko ma, waye yake ciyar da shi duk wannan lokacin?

Nura:
Wlh tambayar da ta fara zuwa min kenan

Malam Habu:
Tambaya ce mai kyau Sadik kuma amsarta a fili take, gidansu akwai rufin asiri. Babansa Antoine tsohon ma'aikacin kotu ne da ya tara kuɗi ta harkar filaye da gidaje, yawanci ma a wani gari Le Raincy yake zaune shi kaɗai, sau ɗaya a sati yake leƙo iyalinsa a Paris. To Seurat bai taɓa zama sai ya sayar da zane zai ci abinci ba, shi ya sa ya samu sararin yin abin da ransa ke so. Amma kar ka ɗauka ɗan gata ne da ya tashi kawai ya fara ɗige ɗige don bai iya zane ba. A 1878 ya shiga babbar makarantar zane ta Paris, École des Beaux-Arts, ƙarƙashin Henri Lehmann wanda shi kuma almajirin shahararren mai zane Ingres ne, wato horo irin na gargajiya mai tsanani, a zauna a kwafi gumakan Girka da zanen magabata har hannu ya faɗa. A ƙarshen 1879 ya tafi aikin soja na shekara ɗaya a Brest, da ya dawo sai ya duƙufa a kan zanen baƙi da fari kusan zalla, da wani irin baƙin alli da ake kira Conté a kan takarda mai kaushi. Ka nemi waɗannan zanen don Allah, ba layi a cikinsu, duhu ne kawai da haske, in ya goga allin sai ƙurajen takardar su bar fari fari a tsakiyar baƙin, mutum ya fito daga cikin duhu a hankali. A 1883 babban baje kolin Salon ya karɓi zanen abokinsa Aman-Jean da ya yi da wannan allin. Mutumin da ya iya wannan in ya zaɓi ɗigo to da dalili ya zaɓa.

Sadik Fenta:
Na yarda ya iya zane Malam, ba nan muke ba. Dalilin nake son ji

Malama Rabi:
Bari in shigo nan tunda fizis nake koyarwa kuma haske da launi darasinmu ne. Dalilinsa daga littattafan masana ya samo shi. Na farko Michel Chevreul, masanin sinadarai da aka naɗa shugaban sashen rini a masaƙar Gobelins ta Paris a 1824. Ana ta kawo masa ƙorafi wai baƙin zaren da suke rinawa ba ya fita da kyau, ya bincika ya ga rinin lafiyarsa lau, matsalar ita ce kalar da ake sakawa kusa da shi, ido yana canza yadda yake ganin kala gwargwadon maƙwabciyarta. Ya rubuta littafi a kan wannan a 1839. Ja kusa da kore kowanne sai ya ƙara ƙarfi, haka shuɗi da ruwan lemo, haka rawaya da shunayya. Na biyu Ogden Rood, Ba'amurke malamin fizis, littafinsa ya fito 1879 aka juya shi zuwa Faransanci 1881, shi ya bayyana bambancin haɗa fenti da haɗa haske. Fenti shanye haske yake yi, duk sanda ka dama kala biyu to kowacce tana cinye nata rabon, shi ya sa in ka cika damawa sai ka ƙare da wani abu mai duhu mara kyan gani, Sadik ya fi ni sanin wannan. To shi Seurat tunaninsa in ya ajiye kowace kala ita kaɗai tsaf ba a dama ba, za su haɗu a cikin ido ne ba a cikin gwangwani ba, zanen ya fi haske.

Amma fa a nan ni nake da ja. Lissafin bai cika fita yadda ake yaɗawa ba. Ɗigon fenti ba fitila ba ne, ba ya samar da haske, na waje yake mayarwa. In ka jera ɗigo biyu ka ja baya har suka narke, abin da ido zai gani matsakaicinsu ne, ba zai fi mai hasken cikinsu haske ba. Kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba, in ka jera ɗigon shuɗi da na rawaya ka ja baya, ba kore za ka gani ba, wajen ruwan toka zai karkata. Shi ya sa wasu in sun kalli zanen suke cewa kamar akwai ɗan hazo a kansa.

Ummi:
Anti Rabi dakata, kina nufin abin da ake koya mana cewa shuɗi da rawaya a ido suna ba da kore ba haka ba ne?

Malama Rabi:
A gwangwanin fenti haka ne Ummi, a cikin ido ba haka ba ne. Abu biyu ne daban. Sikirin ɗin wayarki shi ne inda abin yake aiki sosai, in kika ɗiga ɗan ruwa ƙarami a kan farin waje za ki hango ja da kore da shuɗi a jere, su ne suke haɗuwa su ba ki fari, don kowanne haske yake fitarwa da kansa. A can ja da kore ne ma suke ba da rawaya.

Sadik Fenta:
Yauwa Malama Allah ya ƙara ilimi. Kun ji ko, ashe ma wahalar banza ya sha

Malam Habu:
A'a Sadik kar ka yi saurin yanke hukunci. Duk abin da Malama ta faɗa gaskiya ne, amma ba Seurat ta kayar ba, labarin da ake bayarwa a kansa ta kayar. Ka buɗe ciyawar cikin Grande Jatte da kyau, ba shuɗi da rawaya ya jera yana jiran kore ya faɗo daga sama ba, koren fenti ya sa, sannan a inda rana ke duka ya ɗiga rawaya da ruwan lemo a kai, a cikin inuwa ya ɗiga shuɗi da ɗan shunayya. Kuma yana dama fenti, sai dai da fari yake damawa ko da kalar da ke maƙwabtaka da ita a jerin bakan gizo, abin da ya daina shi ne baƙi da kalolin ƙasa. Na biyu, zanen ba da ɗigo aka fara shi ba. Zagayen farko na 1884 zuwa 1885 da gajerun shafe shafen burushi ya yi shi, masu giciye da juna, sai da ya dawo daga bakin teku a 1885 ya sake hawa kansa da ɗigo, daga baya ma wajen 1888 zuwa 1889 ya ƙara masa wani zagaye na ɗigon ja da ruwan lemo da shuɗi a baki baki. Na uku kuma shi ne mafi muhimmanci a wurina, ɗigon ba sa narkewa gaba ɗaya in kana tsaye a nisan da ake kallon zane, suna tsakanin haɗuwa da rabuwa ne, ido yana ta ƙoƙarin haɗa su yana kasawa, wannan shi ke ba da wani irin ƙyalli kamar iskar wurin tana motsi. Fentin da aka dama aka shafe sumul ba zai taɓa ba ka wannan ba komai iyawarka.

Ummi:
Wannan bayanin na Malam ya tuna min da saƙi. Kakana masaƙi ne, akwai tsohuwar rigar saƙi a gidanmu, in ka matso sai ka ga zare ne baƙin shuni da mai haske aka giciya ƙanana ƙanana, in mutum ya saka ta ya yi nisa kuma sai ka ga wata kala guda mai rai wadda ba za ka samu ba in da turmin yadi ɗaya aka tsoma a baba. Kuma tunda shi Chevreul ɗin ma a masaƙa ya gano abin, ai ba mamaki

Malam Habu:
Madalla Ummi, abin kenan. Masaƙa sun riga masu zane sanin wannan da hannunsu.

Malama Rabi:
Na yarda da batun ƙyallin Malam, Rood ma ya yi maganarsa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a riƙa cewa zanen kimiyya ne tsantsa kamar wani sakamakon ɗakin gwaji. Idonsa ne ya yi aikin. Inda littafi ya ce kaza ido ya ce a'a, idon ya bi, in ba haka ba da duk wanda ya karanta Rood ya zama Seurat. Kuma akwai inda kimiyyar ta ci amanarsa ma, ya yi amfani da wani sabon fentin rawaya na zinc a kan ciyawar, cikin 'yan shekaru kaɗan ya rine ya koma ruwan ƙasa ƙasa, waɗancan ɗigon masu dauɗa dauɗa da kuke gani a inda rana ke haska ciyawa asalinsu rawaya ce mai haske. A 2004 masu bincike sun yi amfani da kwamfuta suka fitar da hoton yadda kalar take tun farko. Wato abin da muke musu a kai yau ma ba daidai yake da abin da mutanen 1886 suka gani ba.

Malam Habu:
Shi fa da kansa ba zai yarda da ke ba Malama. Abokinsa Charles Angrand ya ruwaito cewa ya ce mutane suna ganin waƙa a cikin aikinsa, shi kuwa hanyarsa kawai yake bi ba wani abu ba.

Malama Rabi:
Ya faɗi abin da yake so, zanen yana nan muna gani. Mai abu ba kullum yake sanin inda ƙarfinsa yake ba

Ɗan Damagaram:
Assalamu alaikum, ku yi haƙuri na shigo a makare. Ni a Faransa nake zamne wajen aiki kuma na ga zanensa na ƙarshe da idona, na wasan sarkis, yana gidan ajiye zane na Orsay a Paris, wanda da can tashar jirgin ƙasa ce. Abin da zan gaya ma ɗan'uwa Sadik shi ne waya tana cutar wannan mutum ƙwarai, don ita ma ɗigo ne take nuna maka ɗigo, kuma ta matse zanen da ya fi ka tsawo ya koma tafin hannu. In kana gabansa ƙafarka ce ke aiki, ka matso ka ga tarin ɗigo ba ma'ana, ka ja baya sai mace ta bayyana tsaye da ƙafa ɗaya bisa farin doki yana gudu, ga wani yana alkafura a bayanta, ga ɗan barkwanci da jan gashi ya ba mu baya a gaba. Sannan ka duba 'yan kallo, masu kuɗi da manyan huluna a kujerun ƙasa kusa da fili, talakawa can sama sun jingina da katako. Har katakon da ya zagaye zanen shuɗi ne shi ma an ɗige shi. Kuma a nan ba wanda zai ce mutanen sun ƙame, komai sama yake tashi, gashin dokin, rigar matar, hannuwa. Wani abokinsa Charles Henry ne ya zo da tunanin cewa layin da ya yi sama yana kawo fara'a, na kwance natsuwa, wanda ya yi ƙasa baƙin ciki, Seurat ya ɗauka ya yi aiki da shi a zanensa na ƙarshe ƙarshe. Bai ma gama wannan ba ya mutu, a haka aka rataye shi a baje kolin 1891.

Tsibirin kuma yana nan, tsakanin garuruwan Neuilly da Levallois da ke gefen Paris, sai dai yanzu gidaje masu tsada sun cinye yawancinsa.

Sadik Fenta:
To shi wancan na tsibirin me ya sa ya ƙamar da su, ko a lokacin bai koyi motsin ba

Malam Habu:
Da gangan ne. Marubuci Gustave Kahn ya ruwaito cewa burinsa ya jera mutanen zamaninsa yadda aka jera mutane a sassaƙen bangon Girka na dā, kowa a tsaye da kwarjini, ko ta gefe ko ta gaba ko ta baya. Kuma ba a tsibirin ya zana babban ba, yana zuwa can da ƙananan alluna na katako ya ɗauko haske da kala, ya dawo ɗakin aiki ya tsara, gwaje gwajen da ya yi kafin babban sun kai wajen 60, har birin ma sai da ya zana shi daban sau da yawa. Ni abin da ke kama ni a zanen shi ne daidai abin da ke damunka, mutum sama da 40 a wuri ɗaya ranar hutu, ga mai busa ƙaho, ga mace tana kamun kifi, ga sojoji biyu, ga wani ya kishingiɗa da lofe a baki, amma kusan ba mai kallon wani, sai wata ƙaramar yarinya cikin fararen kaya a tsakiya ita kaɗai ta fuskanto mu. Duk wanda ya zauna a babban birni ya san wannan, cunkoso amma kowa shi kaɗai. Sannan ku haɗa shi da wanda ya yi kafinsa a 1884, masu wanka a Asnières, yana Landan yanzu. Kogi ɗaya ne, wancan a ɗaya gaɓar, samari ne 'yan aikin ƙarfi sun tuɓe riguna suna hutawa, ga hayaƙin masana'antun Clichy a bayansu. Salon suka ƙi karɓarsa, shi ya sa shi da Paul Signac da wasu suka kafa ƙungiyar masu zane masu zaman kansu a shekarar, wadda ba alƙalai ba kyauta, kowa ya kawo nasa.

Kawu Isa:
Ina ta bin ku a hankali. Ni dai ba na sha'awar zanen mutane, wannan ra'ayina ne tun da can kuma kowa ya san dalilina, amma na je na duba sauran aikinsa sai na ga na bakin teku. Waɗannan kam sun kwanta min. Tashar jiragen ruwa, fitilar teku, yashi, sararin sama, ba kowa a ciki, shiru. Malam Habu me ya sa ba ka fara da su ba?

Malam Habu:
Ranka ya daɗe Kawu ka taɓo inda masana da yawa suke cewa nan hanyar tasa ta fi dacewa. Kusan duk bazara yana barin Paris ya tafi gaɓar tekun arewa, Grandcamp a 1885, Honfleur a 1886, Port-en-Bessin a 1888, Le Crotoy a 1889, Gravelines a 1890. Hasken can mai laushi ne da danshi a iska, to wannan ɗan hazon da Malama take ƙorafi a kai a can ya zama alheri, don haka wurin yake da gaske.

Malama Rabi:
A kan na Gravelines ba ni da ja ko kaɗan

Nura:
Gargaɗi dai ga masu nema, akwai wani nasa na mata uku a ɗakin zane ba sutura, kar wani ya buɗe a gaban yara. Amma na ga wai ƙaramin kwafinsa an sayar dala miliyan 149 a 2022, gsky ne?

Ɗan Damagaram:
Gaskiya ne, cikin kayan marigayi Paul Allen na Microsoft da aka yi gwanjonsu a New York. Babban yana Philadelphia. Ka kwatanta da Grande Jatte kanta da iyalinsa suka sayar faran 800 a 1900. Daga baya wani Ba'amurke Frederic Bartlett da matarsa Helen suka saye ta a 1924, aka ba gidan zane na Shikago a 1926, Faransa ta rasa ta har yau. An ba da aronta New York a 1958 gobara ta tashi a gidan zanen da aka kai ta, da ƙyar aka fitar da ita lafiya, tun daga nan ba ta sake barin Shikago ba.

Sadik Fenta:
Kuɗi ba hujja ba ne, masu kuɗi suna sayen suna ne. Ni hujjata ɗaya, in hanyar mai kyau ce me ya sa ba ta ɗore ba? Yau waye yake zane haka in ba ɗalibai da aka ba aikin gida ba

Malam Habu:
Kana da abokin ra'ayi babba, Camille Pissarro. Ya girmi Seurat da kusan shekara 30, ya riga ya yi suna, amma da suka haɗu a 1885 ya ajiye girma ya koyi hanyar yaron, shi ya dage sai an sa Seurat da Signac a baje kolin ƙarshe na ƙungiyar su mai zane Monet a 1886, wanda Monet da Renoir ba su ma shiga ba. A shekarar ne mai sharhi Félix Fénéon ya fara tallata su a matsayin sabon salo. Amma wajen 1890 Pissarro ya watsar, ya ga abin yana cin lokaci kuma yana kashe masa saurin kama abin da ido ya gani a take. To ka ga ƙorafinka tsoho ne. Sai dai rashin ɗorewar ɗigon ba shi ne rashin tasiri ba. An kai Grande Jatte Brussels a 1887 masu zanen Beljiyam irin su Théo van Rysselberghe suka kama. Shahararren mai zane Van Gogh ya ziyarci ɗakin aikin Seurat a Fabrairun 1888 dab da tafiyarsa Arles a kudancin Faransa, ka duba yadda yake jera shuɗi da ruwan lemo da gajerun layuka. Signac ya ci gaba bayan mutuwarsa, ya ƙara wa ɗigon girma, ya fitar da littafi a 1899, mai zane Matisse ya je wurin Signac a garin Saint-Tropez a 1904 ya yi zane da wannan salon, daga nan ya wuce ya saki kala gaba ɗaya. Abin da ya gada ba ɗigon ba ne, ƙarfin halin ajiye kala tsantsa ne kusa da wata tsantsa.

Sadik Fenta:
Kenan kowa ya ɗanɗana ya gudu

Ummi:
Yaya Sadik ai shi ma bai samu lokacin da za mu ga inda zai kai ta ba. Malam wai me ya kashe shi yana 31?

Malam Habu:
Ciwo ne na 'yan kwanaki, ana cikin hidimar baje kolin Maris 1891 ya kwanta, masana tarihi sun rabu, wasu sun ce sanƙarau wasu mashaƙo wasu ciwon huhu. Mutum ne mai zurfin ciki ƙwarai. Yana zaune da wata Madeleine Knobloch, har ta haifa masa ɗa Pierre-Georges a Fabrairun 1890, amma mahaifiyarsa da yake yawan cin abinci a gidanta ba ta sani ba sai ana saura 'yan kwanaki ya mutu. A gidan nata ya cika, yaron ma ya bi shi bayan kamar sati biyu, an binne Seurat a maƙabartar Père Lachaise. Akwai zanen Madeleine da ya yi tana shafa hoda, yana Landan, a bango ta bayanta akwai wani ɗan firam da tukunyar fure, da aka haska shi da na'ura sai aka ga fuskar namiji a ƙarƙashin furen, shi ne ya zana kansa ya dawo ya rufe. Wannan zurfin cikin har a kan sana'a, yana tsoron a ƙwace masa hanyarsa, ya taɓa samun saɓani da Signac a kan haka, a 1890 ma ya rubuta wa Fénéon wasiƙa yana jero shekaru don a san shi ya fara.

Kawu Isa:
Uwar nake tausaya wa. Ɗa da jika cikin wata guda, jikan ma ba ta gama saninsa ba.

Ummi:
Allah sarki

Sadik Fenta:
Wannan kam abin tausayi ne. Amma Malama Rabi ni har yanzu maganar shuɗi da rawaya ta tsaya min a rai, shekaru ina damawa ina samun kore, ki ce in an jera su toka za a gani. Sai na gani da idona

Malama Rabi:
Ai ba sai ka zauna ɗige ɗige ba, akwai hanya mai sauƙi wadda shi Rood ɗin ma da ita ya yi gwajinsa. Ka yanko kwali a zagaye kamar faɗin murfin kofi, ka raba shi gida gida daga tsakiya, ka shafa shuɗi a gida ɗaya rawaya a na kusa da shi har ka zagaye, ka bari ya bushe sosai kar su taɓa juna, sai ka soka fensir a tsakiya ka murza da sauri a cikin hasken rana. Ka nemi shuɗi mai zurfi irin na bula, kar ka sa mai kama da sararin sama don wannan da ma akwai kore a cikinsa, zai ruɗe ka. A gefe kuma ka dama sauran fentin biyun a kan wani kwalin ka ajiye su kusa da juna ka kwatanta.

Sadik Fenta:
Ina da su duka a shago. Gobe in Allah ya kai mu zan yi in ɗauko bidiyo in turo nan

Malama Rabi:
Kyamarar waya ba lallai ta kama juyin daidai ba, takan yayyanka shi. Ka kira yaran shagonka su kalla, kar ka gaya musu komai, ka tambaye su wace kala suka gani ka rubuto mana amsar kowa

Nura:
Ka yi guda biyu Sadik, ɗaya ja da kore, ina son in ga ko rawayar nan za ta fito

Malama Rabi:
Za ta karkata can amma mai duhu duhu, wajen ruwan ƙasa, kar ka sa ran irin ta sikirin